Katangar Malama da Hannun Gwamna

Ni tela ne, shagona kuma ido da ido yake da gidan da abin ya faru, saboda haka kada wani ya zo yana gyara mini zance. Ƙafata tana kan keke, idona yana kan titi, babu abin da ya wuce ni.

Mutumin da zan ba ku labarinsa mai hoto ne, amma duk unguwa Na-Gwamna muke ce masa. Ba wani muƙami gare shi ba, ko masinja bai taɓa zama ba. Wai tun Gwamna yana ɗan makaranta ya taɓa shiga shagonsa ya ɗauki hoton fasfo. Shi ke nan fa, muka shiga uku. Ko gaisuwar rasuwa aka je, sai Na-Gwamna ya san yadda ya yi ya jawo zancen.

"Na ce masa, 'Yaro, ɗaga haɓarka!' Ya ɗaga. Na ce, 'Kar ka motsa!' Bai motsa ba. To ku gaya mini, duk faɗin ƙasar nan wa ya taɓa ba shi umarni ya bi, in ba ni ba?"

Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoto, shagon ya mutu murus. Abin da ya rage masa sai tsohuwar kyamara da wani ƙaton labule da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto, an zana masa katafaren bene, da mota a ƙofa, da jirgin sama yana wucewa ta samansa. Sai kuma bakin nan, shi kam bai mutu ba.

Gidan da yake ciki ba nasa ba ne, na matarsa ne, Malama, wadda ta yi koyarwa a firamare har ta yi ritaya. Gadon mahaifinta ne, takardar mallaka ma sunanta ke kai. Akwai fili a gaban ɗakunan, da bishiyar lemun tsami, da katanga wadda tsohon ya gina da hannunsa, domin shi magini ne. Malama tana son katangar nan kamar ranta. Kowace shekara ita ke sa a yi mata fenti, in yaro ya zana mata gawayi kuwa ranar sai uwarsa ta ji a jikinta.

Rannan Malama ta zo karɓar ɗinki a wurina, sai ga Na-Gwamna ya shigo baki har kunne, Mai Burodi na biye da shi. Mai Burodi ya daɗe yana neman wuri a bakin titi da zai kafa tanderu.

"Malama, albishirinki!"

"Faɗi dai, Malam. Na san albishir ɗinka, bai taɓa zuwa shi kaɗai ba."

"Na sayar da gaban gida. Kuɗin kuma bene zan ɗora miki a kan ɗakunan baya, ki riƙa shan iska kina kallon mutane daga sama."

"Gaban gidan wa?"

"Gidanmu mana."

"Gidan ubana dai. To ban sayar ba."

"Ka ji mata da rashin sanin doka!" Ya juyo gare ni kamar ni ne alƙali. "Tela, gaya mata. Ƙasa duk ta Gwamna ce, ita aro aka ba ta. In mai abu ya ce a sayar, wanda aka ara wa me zai ce?"

Abin haushin shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Doka ta damƙa ƙasa amana a hannun Gwamna, kuma ko kana da takardar mallaka ba ka isa ka sayar ko ka jinginar ba sai ya amince a rubuce. Amma ai sai mai wuri ya so sayarwa sannan a je neman amincewar. Na-Gwamna ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi, ya bar ɗaya rabin a ƙasa. Na buɗe baki zan yi bayani ya ce in ji da zarena.

Malama ta naɗe ɗinkinta ta ce, "To Gwamnan ya zo ya faɗa mini da bakinsa." Ta fita.

Mai Burodi ya fara sosa ƙeya. "Ni fa banki ba zai ba ni rancen tanderu ba sai ya ga takardar amincewa."

"Takarda? Kana tare da ni kana zancen takarda? Kafin burodinka na gobe ya huce ta zo. Kawo kafin alƙalami kawai."

Wawan ya kawo. Abu na farko da Na-Gwamna ya yi shi ne ya sa na ɗinka masa sabuwar riga mai manyan aljihu, wai don zuba takardun gwamnati. Na biyu, ya sayo rodi ya jibge a lungu, wai na bene.

Ranar da zai je ofishin filaye ya ce in raka shi in riƙe masa jaka, don babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai. Na rufe shago na bi shi, son ganin ƙwaƙwaf ya ja ni.

Wayyo ofishin nan! Fayil a kan tebur, fayil a ƙarƙashin tebur, fayil a kan taga, har da wanda aka tokare ƙofa da shi don kada iska ta rufe ta. A baranda ga dogon benci cike da mutane, kowa ya rungume takardunsa ya yi zugum. Wani tsoho mai farin gemu ya matsa mana.

"Zauna, ɗana. Amincewa kuka zo nema?"

"Ni ba na zama a benci, Baba."

"Ni ma haka na ce ranar da na fara zuwa. Lokacin gemun nan baƙi ne. Wanda na sayar wa filin ya rasu, yanzu ni da magadansa muke karɓa-karɓa."

Na-Gwamna ya tsallake layi ya doshi teburin akawu, ya buga masa hannu.

"Amincewar Gwamna nake so, yanzu-yanzu, ina sauri."

Akawun bai ko ɗago ba. "Sunan wa ke kan takardar mallaka?"

"Na iyalina."

"To ita za ta sa hannu ta nema. Sai mai awon fili ya je ya auna, sai a kimanta, sai a biya haraji, sai teburin Darakta, sai na Kwamishina."

"Daga nan sai wa?"

"Sai Gwamna."

"Ka ga inda ya kamata ka fara! Kira mini Daraktan."

"Yana taro."

"Yaushe zai fito?"

"Tun da na kama aiki a nan yake taro."

"Mai hatimi fa?"

"Ya tafi hutu da makullin durowa."

Na-Gwamna ya gyara wuyan riga ya dubi 'yan benci da tausayi. "Ku ta ƙasa kuke hawa, shi ya sa kuka tsufa a hanya. Ni ta sama zan sauko."

Washegari ya tafi gidan gwamnati. Wannan karon ban bi shi ba, ina da iyali. Amma labari ya riga shi dawowa. Wai ya ce wa ɗan sandan ƙofa, "Shiga ka ce masa mai hotonsa ne." Ɗan sanda ya ce masu hoton Gwamna mota guda ne, shi wanne ne a ciki? Ya ce shi ne na haɓa. Aka nuna masa gindin wata bishiya a tsallaken titi. Nan ya riƙa wuni kullum, har rana ta cinye launin rigar da na ɗinka, har 'yan sandan suka saba da shi suna aikensa sayo ruwan sanyi. In ya dawo da yamma mu tambaye shi, sai ya ce, "Muna kan tattaunawa."

Ana nan rannan jiniya ta tashi, ayarin motoci ya fito. Na-Gwamna ya yi wuf ya faɗa bakin titi da kyamara a wuya, ya kware baki.

"Ranka ya daɗe! Gaban gida! In sayar?"

Sai gilashin wata baƙar mota ya sauka kaɗan, hannu ya fito, ya yi sama ya koma. Na-Gwamna ya danna kyamara.

Kafin la'asar ya wanke hoton, ya sa shi a gilashi, ya zo ƙofar shagona ya tara jama'a. Muka leƙa. Hannu ne dai, da agogo mai jan madauri, duk ya yi dishi-dishi.

"Ga amincewa nan! Ku masu jiran tawada, ni hannun da ke sa hannun gaba ɗaya na kawo."

Wanzami, maƙwabcina, ya matso da ido. "To wannan abu rawaya-rawaya da ke ƙasan hannun fa?"

"Ƙyallin zobe ne."

"Ni kuwa sai na ga kamar ɓawon ayaba ake yarwa."

"Hassada ce ta rufe maka ido. Ka taɓa ganin Gwamna ya ci ayaba?"

Wanzami ya ce gaskiya bai taɓa gani ba, aka bar shi a haka.

Ya jira ranar da Malama ta tafi tantancewar 'yan fansho, inda ake wuni a layi don mutum ya tabbatar wa gwamnati bai mutu ba. Tana fita ya kawo leburori da guduma. Na bar keke na tsallaka titi na riƙe masa hannu.

"Na-Gwamna, ka ji tsoron Allah. Ka bari ta dawo."

"Tela, aikin gwamnati ne, matsa kada bulo ya faɗo maka."

Kafin azahar katanga ta kwanta.

Da Malama ta dawo ta tsaya a bakin titi tana kallon ƙofar ɗakinta daga waje. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta sunkuya ta ɗauki guntun bulo ɗaya mai fenti, ta share shi da gefen mayafi, hawaye na zuba. Wallahi ranar na ji tausayinta har cikin ƙashina, na kuma ji kamar in ɗauki almakashi in yi wa rigar nan filla-filla a jikinsa.

Shi kuwa ya miƙo mata hoton. "Gwamna ya amince."

Ta dubi hoton, ta dube shi. "To madalla. Tunda ka mai da mu 'yan kallo, bari a yi kallon da kyau."

Washegari ta ɗaura igiyar shanya daga bishiyar lemo zuwa inda katanga take a da, ta baje duk tsofaffin singiletinsa masu huji da gajerun wandunansa masu faci, suna fuskantar titi. Masu wucewa suna tsayawa suna nunawa.

"Malama, ki rufa mini asiri mana!"

"Da me? Abin rufin ka rushe."

Daga nan abubuwa suka rincaɓe. Awaki suka gano gidan, suka cinye shukar Malama suka haɗa da ƙafar wandonsa ɗaya. Masu jiran mota suka ga inuwar lemo suka mai da wurin tasha. Masu babur suka fara ajiye baburansu a tsakar gida. Wani baƙo ma ya shiga banɗakinsu ya fito yana tambayar wa ake biya. Rodin bene kuwa ɗaya bayan ɗaya ya yi ƙafa, tunda babu abin da ya raba lungu da titi. Duk wanda ya yi wa Na-Gwamna magana sai ya ce, "Haka ci gaba yake, da ɗan hayaniya."

Mai Burodi shi ma ya sa rigarsa ta fita kunya, ya rungumi hoton ya kai banki. Ya dawo yana huci kamar tanderunsa.

"Ka mai da ni abin dariya! Manaja ya kira duk ma'aikata, har mai gadi, aka yi ta miƙa hoton hannu-hannu. Wata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ba ni kuɗina!"

"Ƙananan ma'aikata ne, ba su san hannun manya ba."

"Kuɗina na ce!"

"Kuɗinka suna cikin aiki. Ga shi ka ga an buɗe maka wuri."

"An buɗe wa awaki dai!"

Da ƙyar ni da Wanzami muka ɓamɓare hannunsa daga wuyan rigar, aljihu ɗaya ya tafi da shi.

Ana cikin haka sai aka yi shela Gwamna zai zo unguwarmu buɗe kwalbatin ƙarshen layi. Kwalbatin nan wanda ya gabace shi ma ya taɓa buɗe ta, amma an sake mata fenti. Masu shirya taro suka zo neman inda za a kafa rumfa, suka ga fili a buɗe ga inuwa, ba su tambayi kowa ba suka jera kujeru a tsakar gidan Malama. Kujerar Gwamna mai jan kafet aka dasa ta daidai gindin lemo, bayan an tattare singiletin.

Zo ka ga Na-Gwamna! Har ƙasa ba ta ɗaukarsa. "Kun gani? Kun gani da idonku? Har gida ya biyo ni! Ina masu cewa ayaba?"

Jama'a ta cika maƙil. Gwamna ya iso, aka yi tafi, ya zauna. Malama tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan kujerar roba, ba wanda ya gayyace ta, ba kuma wanda ya isa ya tashe ta. Ana tsakiyar jawabi Na-Gwamna ya kutsa da hotonsa a ƙirji, ya tsaya a gaban Gwamna yana murmushi, yana jiran a rungume shi. Gwamna ya dube shi kamar yadda ake duban katin gayyatar da ba a san mai shi ba.

"Ranka ya daɗe, ni ne fa."

Gwamna ya kau da kai.

Sai ya ga bari ya tuna masa. Ya ja baya taku ɗaya, ya nuna shi da yatsa, ya daka tsawa.

"Yaro, ɗaga haɓarka!"

Ban taɓa ganin an ɗaga mutum sama da sauri haka ba. Ƙarti suka yi sama da shi, ƙafafunsa na wutsil-wutsil, takalmi ɗaya ya faɗa cikin kwanon ruwan awaki. Amma Gwamna ya ga kyamarorin 'yan jarida a kansa, ga zaɓe ya matso, sai ya ce a sauke talakansa a ba shi abin magana ya faɗi kukansa.

Aka ba shi. Kuskuren da aka yi ke nan. Ya faro tun daga hoton fasfo, ya bi ta ofishin filaye, ya zo kan jiniya, duk unguwa na ji ta lasifika. Ya ƙare da miƙa hoton. "Shi ne nake so ka gaya wa banki da iyalina cewa hannunka ne."

Gwamna ya duba, ya juya shi, ya sake dubawa. "Wannan ba hannuna ba ne. Ni ba na ɗaura agogo mai jan madauri."

Wani hadiminsa da ke tsaye a baya ya yi maza ya tura hannunsa cikin aljihu. Wanzami ya gan shi, ya ƙwala ihu, "Ga mai ayabar can!" Wurin ya kece da dariya, har 'yan sanda suna juya baya suna girgiza.

Gwamna ya ce, "To wai gidan na wane ne?"

Malama ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi. "Nawa ne, ranka ya daɗe. Kujerarka ma a kan shukata take."

"Baiwar Allah, kin nemi amincewa a sayar?"

"Ban nema ba, ban sayar ba, ba kuma zan sayar ba. Ni dai katangar ubana nake so."

Mata suka ɗauki tafi. Gwamna ya ga kasuwa ta buɗe, ya karɓi abin magana ya ce muddin yana kan kujera ba za a taɓa haƙƙin mace ba, ciniki babu amincewa kuwa ba ciniki ba ne, rusasshe ne. Mai Burodi ya dafe kai ya zauna a kan tarin bulo.

Na-Gwamna ya yi wuƙi-wuƙi, gumi na bin wuyansa. Amma bakin nan bai daddara ba. "To ai shi ke nan, ranka ya daɗe, dama gwaji ne. Gobe da safe zan mayar da katangar, har in ƙara mata tsawo."

Sai wani mai ƙaton tumbi ya taso daga layin manya ya raɗa wa Gwamna magana. Aka ce mana ai shi ne Darakta, ashe yana fitowa daga taro. Gwamna ya miƙa masa abin magana.

"Tsohuwar katangar ta shigo cikin hurumin titi," in ji Darakta. "An ƙyale ta ne saboda ta riga titin zuwa. Tunda ta faɗi, ba a ɗora bulo ko ɗaya a wurin sai an nemi izini. A zo ofis a buɗe fayil."

"A bi ƙa'ida," in ji Gwamna. Aka yanke ƙyalle a kan kwalbati, jiniya ta tashi, suka bar mu da kujerun haya da ɓawon ayaba.

Malama ta bari sai da kowa ya watse. Sannan ta shiga tsohon shagon hoto ta jawo labulen nan, ta sa shi ya kafa sanduna da hannunsa, aka rataya shi daga inda katanga ta fara zuwa inda ta ƙare. Kyamarar kuwa Mai Burodi ya tafi da ita, da alkawarin sauran kuɗinsa a hankali.

Yau in ka biyo ta layinmu za ka ga katafaren bene da mota a ƙofa, yana kaɗawa. Na taɓa yi wa Malama jaje, ta ce, "Jajen me, Tela? Ai ya cika alkawari, ga bene ya ɗora mini. In iska ta taso har jirgin tashi yake." Ta faɗa tana dariya, amma guntun bulon nan yana kan tagarta har yanzu.

Wannan karon ta sa hannu a takardar neman izini, da sharaɗi ɗaya: shi zai yi zaman benci. Tsoho mai farin gemu ya matsa masa, an ce har sun saba. Kullum da safe ina buɗe shago nake ganinsa ya ɗaga gefen bene ya fito, fayil a hammata, kai a sunkuye don kada mu haɗa ido. Jiya har ya kai bakin titi sai muryar Malama ta fito daga bayan labule.

"Malam!"

Ya tsaya.

"Ɗaga haɓarka."

Ya ɗaga.